Abin da Ake Faɗa Idan Maɓalli Ya Yi Ja

Ran da abin ya fara, Hajiya Mabruka tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Yammacin Alhamis ne, rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye fiye da rabin gidan. A unguwar Koki irin wannan lokaci ba ka jin komai sai luguden wata maƙwabciya da gurnanin tantabaru a kan soro. Can sama kuwa, a ɗakin benen da ke kan zaure, mijinta Alhaji Abdallah yana mitin, 'yarsu Ruqayya na gefensa, kamar yadda suka saba.

Gidan tsoho ne. Kakan Alhaji, Balaraben Turabulus, shi ya gina shi da ƙasa da azara tun zamanin da ake ɗaura wa raƙuma fata, har yau kuma fatar ce abincin gidan. Sai dai yanzu ba a jiran ayari. Alhaji ya sa an buɗe ɗakin benen nan da ya yi shekara da shekaru a garƙame, aka share shi, aka kafa ƙaton talabijin a bango da kyamara a samansa, aka ajiye wata baƙar waya mai ɗan allo a kan tebur. Da wayar ake kiran mutum ya bayyana a bango, da ita ake ƙara wani cikin zance ko a sallame shi. Akwai kuma wani maɓalli a gefenta, in an danna sai ya yi ja, na can ɓangaren su ci gaba da ganinka amma ko tarinka ba za su ji ba. Alhaji bai iya ta ba, bai kuma ga dalilin koyo ba tunda Allah ya ba shi 'ya mai digiri. Ruqayya ce ke zama daga gefe, inda kyamara ba ta kama ta, tana yi masa danne-danne.

Wanda ake kira duk Alhamis yayansa ne, Alhaji Ramadan, babban gida, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar aka kai shi Alƙahira jinya. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, yawu na bin haɓarsa, amma hankalinsa garau, ya kuma ƙi sakin harkar kamfani. Shi ya sa ake zaman.

Mabruka tana cikin tsinta sai ta ji wani abu ya faɗo cikin farantin, tim. Ta duba. Ƙashi ne, da ɗan guntun nama a jikinsa wanda ya riga ya yi kore, ga fararen tsutsotsi suna motsi a cikin shinkafarta. Ta yi jifa da farantin, ta ɗaga kai tana neman shirwar da ta yi mata wannan aika-aika. Sama fes, ko tsuntsu ɗaya babu. Kafin ta gama salati wani ya sake faɗowa a bakin rijiya, wani kuma a kan tabarmar salla da ta shimfiɗa. Daga nan sai wari ya biyo matakalar bene ya sauko, a hankali, mai nauyi, irin warin mushen jaki da ya kwana biyu a kududdufi.

Ana kiran magariba Ruqayya ta sauko, hannunta a kan baki. Ba ta ƙarasa rariya ba ta durƙusa ta yi ta kwara amai.

Alhaji ya ce ɓera ne ya mutu a cikin azara. Aka kira magini ya caccake rufin, bai ga ko gashin ɓera ba. Alhaji ya ce to warin majema ne ya biyo samfurin fatar da ake kawo masa. Mabruka ba ta yarda ba, don ita a cikin fata aka haife ta, a cikin fata ta yi aure, ta san warin jima ta san na mushe. Ta kwashi turaren wuta na Barebari, mai tsada, wanda take ɓoyewa don baƙi, ta zuba a kasko ta kai benen. Wallahi gara ma da ba ta kai ba. Turaren ya haɗu da ɗoyin suka zama wani abu na uku, wanda ke maƙalewa a maƙogwaro ya ƙi wucewa.

Tun daga ranar, da zarar rana ta karkata inuwa ta cika gidan, sai jifa ya fara. Ƙasusuwa ne, kullum da ruɓaɓɓen nama. Korayen ƙudaje suka tare a tagar benen har ba a ganin gilashi. Mabruka ta riƙa bi da tsintsiya da toka tana kwashewa, tana tofar da yawu, tana rufe ƙofar zaure da wuri don kada maƙwabta su ji su tambaya. Ita mace ce mai tsabta har ana yi mata tsiya a dangi, wai tana wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Yau ga ta tana kwasar tsutsa a inda take shimfiɗa dardumarta.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ta sukuni Ruqayya ce, don yarinyar ta daina cin abinci. Duk abin da aka kai bakinta, ko kunu ko shayi ko farar shinkafa, sai ta kau da kai ta ce, "Umma, mushe ne." Ruwa kaɗai ke wucewa, shi ma rabi ya dawo. Aka kai ta asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka yi ƙarin ruwa, likita ya ce bai ga komai ba. Yarinya mai kumatu, mai dariya har da ƙyaƙyatawa, ta koma sai idanu da ƙasusuwan wuya. Mabruka takan kama tsintsiyar hannunta ta ga yatsunta biyu sun zagaye ta har da saura. Ta san in aka ci gaba a haka, 'yar nan ba za ta ga watan gobe ba.

Wata Laraba, gab da magariba, an ɗauke wuta, batirin gidan ma ya mutu, Alhaji yana masallaci. Mabruka tana ba Ruqayya ruwa da cokali sai ta ji magana a bene. Ta hau a hankali, tana dafa bango, mayafi a hanci. Ɗakin duhu, talabijin a mace. Amma maɓallin nan yana ci, ja wur, kuma murya na fita daga wayar. Muryar mijinta ce. Wani irin gurnani yake yi, yana jan kalmomi kamar mai tuwo a baki, sannan ya fashe da dariya. Ta sunkuya ta lalubo igiyar wayar ta fizge ta daga bango. Dariyar ta ci gaba, har da shessheƙa.

Da ta sauko, Ruqayya na zaune tsam a kan tabarma, wadda ɗazu ko kai ba ta iya ɗagawa. Ta dubi uwarta da idanun da ba nata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa tukuf.

"Ke ma kin ji ko? Ni kullum haka nake ji."

Sai ta sulale ta kwanta.

Alhaji ya so a rufa maganar, wai mutuncin gida, wai kada a ce 'yarsa na da iska a rasa mai neman aurenta. Mabruka ta ce masa gawa ma ba a neman aurenta. Da safe ta aika Ƙofar Ɗan Agundi aka ɗauko Malam Ilu, dattijo ɗan siriri mai farin gemu, wanda ya shahara da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya iso bayan la'asar da 'yar jakarsa, da ganyen magarya da man habbatus sauda. Yana sa ƙafa a zaure ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya ce, "Daga ina yake saukowa?" Aka nuna masa bene. Ya ce can za a kai yarinyar.

Mabruka ce ta goya ta, ba ta fi nauyin tulu ba. Aka kwantar da ita a tabarma a gaban teburin. Alhaji ya zauna a kujerarsa yana jan carbi da sauri. An kawo wuta, Malam ya ce a mayar da igiyar wayar, komai ya zauna yadda yake zama. Ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka-toka. Ƙudaje suka yi tsit. Aka daɗe ba abin da ke motsi sai leɓen Malam, har Mabruka ta fara jin ƙafarta ta yi tsami. Can sai yatsan Ruqayya, manuni na dama, ya fara lanƙwashewa yana miƙewa, kamar mai danna wani abu a iska. Jikinta ya ɗauki rawa. Ta tashi zaune.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ni ma ina salla."

"Wace ce ke?"

"'Yardada. A ɗakin nan nake tun kafin a haifi uban wannan." Ta nuna Alhaji da haɓa, ba ta ko dube shi ba. "Kakansa ya san da ni. In zai shigo sai ya yi sallama, ni kuma ina kore masa gara daga fata. Ba mu taɓa saɓawa ba."

"To in ke Musulma ce, kin san shiga jikin bil'adama zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi miki? Ko don an buɗe miki ɗaki an kawo na'ura?"

Muryar ta yi tsaki mai tsawo. "Na'ura me ta yi mini? Ƙarfe ne da roba. Na ma ji daɗinta da farko, ina ganin garuruwa. Malam, ni aljana ce, na kwana a juji, na kwana a mahauta, na ratsa makewayi iri-iri. Ban taɓa jin abin da ya tayar mini da zuciya irin abin da ake ci a ɗakin nan duk Alhamis ba."

Malam ya ce, "Me ake ci?"

"Nama. Naman ɗan'uwa, ɗanye." Bakin Ruqayya ya yamutse. "Mara lafiyar nan zai fito a bango yana fama da harshensa. Wannan zai washe baki, Yaya sannu, Yaya Allah ya ƙara sauƙi, Yaya mun yi kewarka. Sai ya ƙwanƙwasa gwiwarsa a ƙarƙashin tebur, yarinya ta danna, abu ya yi ja. Sai ya karkato wajenta kamar zai ɗauki takarda, inda idon na'urar ba ya kaiwa, ya karkace baki, ya zubo yawu, ya kwaikwayi maganar yayansa. Ya ce wannan gawar ta ƙi rami, yaushe za ta tafi mu huta. In yarinya ba ta yi dariya ba ya harare ta, sai ta yi. Ya sake ƙwanƙwasa gwiwa, ta danna, ya koma Yaya sannu. Ƙasusuwan da nake zubo muku ragowar abincinsa ne, na gaji da zama da su. Ita kuma na shige ta ne don yatsanta ke rufe masa ƙofa yana ci."

Mabruka ta juya ta dubi mijinta. Shekara ashirin da ɗoriya tana dafa wa bakin nan abinci. Alhaji Ramadan kuwa shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, shi ya yi masa aure, shi ya yi wa Ruqayyar nan huɗuba ranar da aka haife ta.

Malam ya ce, "Aljanu suna ƙarya, ba a gina hukunci a kan maganarsu. Alhaji, ƙarya take yi?"

Carbin ya tsaya. Alhaji ya ce, "Wasa ne fa, Malam. Irin na wa da ƙani."

Malam ya koma kan aljanar ya ce laifin uba ba ya halatta mata jikin 'ya, ta fita don Allah. Ta ce ta yarda ta yi zalunci, kuma za ta fita, gidan ma gaba ɗaya za ta bari, don ba za ta iya ƙara Alhamis ɗaya a cikinsa ba. Amma tana da sharaɗi. A kira mara lafiyar yanzu, maɓallin nan a bar shi kore, wannan mutum ya yi a gabansa abin da yake yi a bayan idonsa.

Kai, ɗan Adam! A nan Alhaji ya zama ɗan kasuwa. Ya ce zai yanka rago. Ta ce ba ta cin rago. Ya ce to zai yanka sa, a raba wa mabukata. Ta ce ya raba, amma ba da sunanta ba. Ya ce zai kwashe na'urar, ya rufe ɗakin ya bar mata har abada. Ta ce bakin nasa fa, shi ma zai rufe ya bar mata? Ya ce zai tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Malam ya ce wannan dole ne, amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe.

Sai Alhaji ya matso kusa da Malam ya rage murya. "Ba za a iya fitar da ita dole ba?"

"Za a iya, da ikon Allah. Amma tsohuwa ce, ta kama da ƙarfi. Sai an yi kwanaki ana karatu, ana ƙona ta tana jijjiga yarinyar. Ka dubi jikin 'yarka. Ban ce zai ɗauka ba."

Alhaji ya dubi 'yarsa. Mabruka ta ga ya dube ta da kyau, ƙasusuwan wuyan, busasshen leɓen, duka. Sannan ya dubi baƙin talabijin ɗin da ke bango.

"A ci gaba da karatun, Malam," ya ce. "Ko kwana nawa ne. Allah zai kiyaye."

Tir. Mabruka ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ba ta taɓa taɓa wayar nan ba sai ranar da ta fizge igiyarta, kuma ƙyamarta take ji kamar kashin kare, amma ta tsaya a kanta. Ɗan allon ya kawo haske, ga sunaye a jere da ƙananan hotuna. Ta ga fuskar Alhaji Ramadan ta zamanin yana da lafiya, da jar dara a kansa. Ta ɗora yatsa a kai.

"Mabruka!"

Ba ta waiwaya ba. Wayar ta yi ƙara, ta sake yi, bango ya haskaka. Ga Alhaji Ramadan a kan keken marasa lafiya, an yafa masa tawul a ƙirji, ɓarin fuskarsa a zube. Ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin da ya rage. Mabruka ta shiga gaban kyamara, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, Ruqayya ce ba lafiya, ga ta nan a ƙasa. An ce maganinta yana bakin ƙaninka. Yana da abin da zai nuna maka."

Ta koma gefe ta sa tafin hannunta ta rufe maɓallin, don kada wani ya kai gare shi.

Alhaji Abdallah ya yi gumi har rigarsa ta manne. Ya fara da kame-kame, wai wani lokaci yakan yi 'yar raha, wai shaiɗan ne. Daga tabarma muryar tsohuwar ta katse shi.

"Ba haka kake yi ba. Karkace bakin."

Ruqayya ta fara kakari, jikinta na lanƙwashewa, ba abin da ke fita sai kumfa. Malam ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, kallo ɗaya. Alhaji ya runtse ido. Ya karkace bakinsa, ya saki leɓe, yawu ya biyo haɓarsa ya ɗiga a kan tebur. Ya ja kalmomin yadda yayansa ke jan su. Ya faɗi maganar gawa da rami, duka, a gaban mai ita. Ba wanda ya yi dariya. Mabruka ta kau da kai, don in ta ƙara kallonsa amai za ta yi a wurin.

A bango, Alhaji Ramadan bai motsa ba. Hawaye ya fito daga idonsa mai lafiya ya gangara. Ya daɗe yana tattara harshensa, ana jin numfashinsa a cikin wayar, kowa na jiran abin da zai ce wa ƙaninsa. Da maganar ta fito, ba da shi yake ba.

"Ma…bruka. Yarinyar… ta… tashi?"

Ruqayya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta sake. Muryar tsohuwar ta fito siririya, kamar daga ƙasan matakala, ta ce Malam a yafe mata, ta tafi, sai wata rana in ana haɗuwa. Tagar ta buɗe da kanta, ƙudajen suka tashi gaba ɗaya suka fice. Iskar magariba ta shigo da ƙamshin tuwon maƙwabta, a daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Yarinyar ta buɗe ido, nata na gaskiya. Ta ga uwarta, ta ga Malam, ta ga baffanta a bango. Nan da nan idonta ya sauka kan gwiwar ubanta, hannunta ya fara lalube wajen tebur.

"Abba, in danna?"

Mabruka ta cafke hannun ta riƙe a ƙirjinta. "Ba za ki ƙara danna masa komai ba. Gai da Baffanki."

Ta gaishe shi, ya amsa da kai yana kuka. Mabruka ta ɗaga ta, Malam ya tattara jakarsa ya yi gaba zuwa masallaci. Alhaji ya miƙo hannu zai shafa kan 'yarsa, Mabruka ta janye ta kamar yadda ake janye yaro daga bakin kwata. Suka bar shi a zaune shi da yayansa, ido cikin ido, layi a buɗe, shi kuwa bai san inda ake kashewa ba.

A tsakar gida Mabruka ta zaunar da 'yarta a tabarma, ta wuce bakin rariya ta amayar da duk abin da ta riƙe tun a bene. Ta kuskure baki, ta wanke fuska, ta wanke yatsan da ya taɓa wayar da sabulu. Sannan ta dama kunu mai ɗumi ta kawo a kofi, ta durƙusa ta kai bakin yarinyar. Ruqayya ta kurɓa, ta haɗiye, ta tsaya. Mabruka ta riƙe numfashi.

"Umma," ta ce, "ba sukari."